Shafi Ɗari, Baki Ɗaya

To, Tanimu, tunda ka ce ka samo na'urar da za ta riƙa zubo maka rubutu a intanet ba dare ba rana, don manhajar nan mai amsa tambaya a waya ta riƙa kafa hujja da kai, gyara zama ka ji wannan kafin ka kunna ta.

An yi wani tsohon manomin albasa a wani gari na bakin fadama. Shekara goma sha tara shi ke riƙe da mabuɗin rumbun ƙungiyar manoma, inda kowa ke ajiye albasar da za a dasa a samu irin baɗi. Dokarsa guda ce: kafin buhu ya shiga, sai ya danna wuyan albasa da babban yatsa. In ya ji a bushe, bismillah. In ya ji laushi, to ko ɗan sarki ne ya kawo, sai dai ya juya da kayansa. A cikin birni kuma akwai wani mai shagon taki, mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa sunkuyawa a fangali ba. Shi ne ya samu irin na'urar taka. Kullum safiya sai ta amayo masa shafi ɗari a kan noman albasa, wannan da sunan wane, wancan da sunan wata cibiya da babu ita, kowanne yana gaskata ɗan'uwansa. A ciki har da cewa a yi ta ban ruwa da ƙarin taki har ranar cira, wai albasa ta fi nauyi. Ka ji fa! Alhali ko matan garin sun san in lawashi ya fara kwanciya ɗauke mata ruwa ake yi mako biyu, ta sha rana wuyanta ya rufe. Ita kuwa manhaja, da ta leƙa ta tarar da magana ɗaya a wuri ɗari, sai ta ɗauka shaidu ɗari ne. Duk wanda ya tambaye ta, abin da take karanto masa ke nan, har da sunan shafin.

Manoman garin suka bi maganarta. A shekarar nan albasa ta yi girma, kowacce kamar dunƙulen ɗan dambe. Aka jero buhuna a ƙofar rumbu ana ta shewa. Tsoho ya danna ta farko, ya danna ta biyu, sai ya ji wuyan da laushi. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ko ɗaya ba za ta shiga ba. Nan fa aka yi masa caa. Aka ciro waya uku aka yi tambaya a gabansa, duka ukun suka ba da amsa iri ɗaya.

Ya ce, "Ku kawo waya dubu ma. Mutum ɗaya ne ke magana da baki ɗari, shi kuwa bai san warin ruɓaɓɓiyar albasa ba. Ni na sani."

Aka ce tsufa ne, aka ce hassada ce don tasa ƙanana ne. Abin da ya fi ci masa rai, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ne ya miƙo hannu ya ce, "Yaya, zamani ya wuce ka, ba da mabuɗin cikin mutunci." Wallahi ya ji zafin maganar nan har cikin ƙashinsa, amma bai roƙi kowa ba. Ya ajiye mabuɗin, ya kwashe 'yan buhunansa a amalanke ana yi masa dariya, ya kai gida ya baza su a kan rudun kara inda iska ke ratsawa. Har mai shagon takin ya aiko a gaya masa, in ya yarda a liƙa sunansa da hotonsa a shafukan, waya za ta riƙa ambatonsa ko'ina. Tsoho ya ce wa ɗan aiken, "Ka ce masa sunana ba tuta ba ce da za a kafa a kan juji."

Ba a yi mako bakwai ba zafin bazara ya sauka. Ƙudaje ne suka fara ba da labari, sannan wani baƙin ruwa ya fara tsatsafowa ta ƙarƙashin ƙofar rumbu. Ranar da aka buɗe, da shebur aka kwashe abin da ke ciki, mutane sun toshe hanci da habar riga. Irin baɗi na gida talatin ya zama taɓo. Suka zo ƙofar tsoho a sunkuye, ƙanen nasa a gaba ya kasa ɗaga ido. Bai ce musu "ai na faɗa" ba. Ya raba musu tasa albasar da ta tsira har ya tauye kansa, amma gida tara kawai ya isa. Da rani ya zagayo, rabin fadamar nan a bushe ta kwana, samari suka watse cirani. Wani daga cikinsu, don takaici, ya sake tambayar wayarsa. Ta amsa masa cikin ladabi cewa a yi ta ban ruwa har ranar cira, ta kuma kawo sunan shafin nan dai.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya.