Mai Gadin Dutse

"Dubi wawa!" in ji Ukasha, yana leƙa wayar Humaira, inda bidiyo ke nuna namijin karen teku na tattare mata a kan dutse, yana cizon duk namijin da ya matso. "Wata guda ba ci, wai gadi!"

Ya juya ya daka wa wani ɗalibi da ya matso tsawa da Larabci-Larabci: "Yalla, matsa!" Kullum haka yake kame teburin nan a ɗakin karatun ɗalibai na unguwar Abbasiya, 'yan mata biyar zagaye da shi, yana zaɓen amarya a ransa.

Humaira ta taɓe baki. "Ma'alish, yi haƙuri, Malam, ba don shi matan suka taru ba. Dutsen ne mai inuwa."

Ta zare cajarta daga soket ɗin ƙarƙashin teburin, shi kaɗai ke aiki a ɗakin. Sauran suka duba wayoyinsu, duk sun cika. Suka miƙe.