Tagogin Tsohon Soro

Kai da kake cewa tunda kwamfuta ta zo ido da hannu sun yi ritaya, matso ka ji. An yi wata mata a wani shagon yankan ƙarfe, irin wanda ake zana fure da taurari a kwamfuta, inji ya yanke su a kan fallen ƙarfe. Ba ta taɓa zama a ajin zane ba. Da leƙe ta koya, da naci, da ɓata aiki tana sakewa, har ta kai in ta kalli layi ta san inda ya yi ƙarya. Irin wannan zane kuwa layi ne da 'yan ɗigo-ɗigo suke riƙe da shi, kamar igiya a kan turaku: ka ja ɗigo ɗaya, layin ya bi shi ya lanƙwasa. Manhajar tana da wata dabara kuma: ka gyara ɗigo a siffa ɗaya, ka ce ta maimaita gyaran a kan sauran, kafin ka ƙifta ido ta gama. Kada ka ce ƙauyanci ne ya sa matar nan ta yi abin da ta yi. Taurari ɗari biyu a ƙofa ɗaya, da wannan dabarar take daidaita musu kusurwa lokaci guda, tana shan shayinta.

Sai ga aiki ya zo daga wani tsohon soro na ƙasa mai tagogi goma sha biyu, kowace da kai mai lanƙwasa. Dattijon da ya gaji gidan yana so a sa musu ƙarfe mai ado, da sharaɗi ɗaya: kada a kankare masa ko ɗan ɓarɓashin bango. Matar nan ta ɗaura zani da kyau ta hau tsani, ta bi tagogin ɗaya bayan ɗaya tana shafawa tana awo. Abin da hannunta ya gaya mata shi ne, maginan da suka yi ginin da kamu da taƙi suka auna, kowa da tsawon hannunsa. Bangon gabas kuma, wanda ruwan damina ke duka, shekara da shekaru ana ƙara masa yaɓe, har tagoginsa sun tsuke kamar idon mai jin barci. Daga ƙasa duk ɗaya suke. Ta koma shago ta zana goma sha biyu, kowace da ɗan karkacenta. A makon ne mai shago ya ɗauko wani mai takardar shaida ya ɗora shi a kan aikin zane. Mutumin ya dubi ɗigo-ɗigonta, wannan ya ɗan yi sama, wancan ya ɗan kauce, ya yi dariya ya ce aikin 'yan koyon gani ke nan. Ya kama taga ta farko ya daidaita ta tsaf, ya sa manhaja ta maimaita a kan sauran sha ɗaya. Wallahi a fuskar kwamfuta sun yi kyau, sun jeru kamar sojoji. Mai shago ya ce ta tura wa inji. Ta ce ba ta turawa. Ya ce to ko ta tura ko ta tashi daga kujerar. Ta san kujerar nan ita ce cinta, ita ce sunanta a unguwar maƙera, kuma ba ta da wata takarda da za ta nuna a wani shagon. Duk da haka ta ɗauki gyalenta ta ce, "Alhaji, kujera taka ce, ga ta nan. Amma hannun da ya shafa bangon nan ba zai tura ƙarya ba. Injiniya ya tura, ai shi ma yana da yatsa."

Mai takarda ya tura, inji ya yanke, aka yi walda, aka shafa fenti, aka loda a mota. Ta farko ta shiga zam, har mai takarda ya soma gyara hula. Ta biyu ta tsaya a baki ta ƙi wucewa. Ta biyar ta shiga, amma ta bar kafar da kyanwa za ta bi da 'ya'yanta. Na gabas kuwa, ko gaisawa da tagoginsu ba su yi ba. Sai mai takarda ya ce ai ginin ne karkatacce, a kawo kurfi a ɗan rage bango. Dattijo ya miƙe da sandarsa ya ce bangon nan ya girmi uban kowa a wurin, duk wanda ya kai masa kurfi da hannu ɗaya zai koma gida. Haka aka mayar da ƙarafa goma sha ɗaya mota, mutanen unguwa suna kallo.

Washegari mai shago ya je ƙofar gidan matar da kansa, murya ta yi laushi kamar ba shi ba. Ba ta yi masa gori ba, amma ba ta ruga ba. Ta ce za ta koma, sai dai kafin ta taɓa kwamfuta, wanda ya yi mata dariya zai hau tsanin nan ya sa tafinsa a kowace taga, tun daga ta farko har ta sha biyu, ita tana ƙasa tana riƙe masa. Ya kuwa hau, da takalminsa mai sheƙi. Da ya kai tagogin gabas ya shafa, ya sake shafawa, hannunsa ya gaya masa abin da nata ya gaya mata.

Manhaja ba ta yi laifi ba, abin da aka ce ta maimaita shi ta maimaita. Wanda ya ba ta umarni ne bai taɓa bango ba. Hausawa dai sun riga sun faɗa: kama da wane ba ta wane.