Jif ɗin Tanimu a Ƙarshen Kwalta

Tun da aka kafa dokar kare masu hali, motocin alfarma masu tuƙa kansu suka daina bin duk hanyar da ba ta cikin taswirar kamfanin da ya ƙera su. Tanimu ya san da haka ranar da ya sayi baƙar jif ɗinsa mai kujerun fata, amma bai damu ba, don harkokinsa duk a birni suke.

Da hantsi yayansa Barau ya kira shi. "Inna ta cika. Ka taho, kai ake jira."

Motar ta kawo shi har inda kwalta ta ƙare, ana hango rufin gidajen ƙauyensu, sai ta tsaya cak.

"Ranka ya daɗe, gaba babu tsaro," in ji motar cikin ladabi.

"To buɗe mini in ƙarasa da ƙafa."

"Ba a buɗe ƙofa a nan, don lafiyarka."

Ya nemi Barau, waya ta ƙi shiga. Ya doki gilashin har hannunsa ya kumbura, gilashin da yake yi wa abokai alfahari da shi, wai ko harsashi ba ya huda shi.

Da rana ta take, jama'a suka gaji da jira. Yana gani aka fito da makara, Barau na gaba, suka biyo ta gefen motar zuwa maƙabarta. Ya yi ta kiran "Yaya! Yaya!" Barau ya waiwayo, ya ga fuskar kansa a baƙin gilashi, ya wuce.

"Na ga kana gumi, ranka ya daɗe," in ji motar. "In ƙara sanyi?"