Gishirin da Ya Zube a Yashi

Ka ce lamarinka ya cakuɗe, ba ya rabuwa. To saurara, ɗan'uwa, ba kowane haɗi ake rabawa da yatsu ba.

An yi wata mata da mijinta ya kira gayyar girbin dawa, mutum talatin za su zo jibi. Ta je kasuwa ta sayo gishiri, kasuwar kuwa ba ta sake ci sai mako ya zagayo. A hanyar dawowa, tsakiyar busasshen rafi, ƙullin ya kwance, gishiri ya watse cikin yashi. Ta kwashe duka a zani hankalinta a tashe, don miya lami a gaban 'yan gayya abin gori ne har baɗi, mai ƙasa-ƙasa kuwa ta fi muni. Ta zauna tsinta kamar mai tsince tsakuwa daga wake, har idonta ya gaji ba ta cika tafin hannu ba. Ta sheƙe a faifai, iska ta ƙi bambanta su. Ta tankaɗe, suka wuce rariya tare. Uwar mijinta, wadda ta taɓa zama a garin masu dafa gishiri, ta dube ta ta ce, "Zuba masa ruwa, 'yar nan." Ta so ta ƙi, don wa ke kai gishiri ruwa da hankalinsa? Amma dabara ta ƙare mata.

Ta juye a ƙwarya, ta zuba ruwa, ta gauraya. Gishiri ya narke ya ɓace wa ido, ita kuma ta fara hawaye. Yashi da yake ba ya shiga jikin ruwa, nan take ya kwanta a gindin ƙwarya. Ƙura ce ta tsaya taurin kai tana yawo a tsakani, sai da aka ba ta wuni guda ta sauka. Matar ta tsiyaye ruwan, ta tace da ƙyalle, ta ɗanɗana, ashe kayanta na nan. Ko a haka ya isa miya, amma tsohuwa ta ce a ɗora a wuta. Maƙwabta na leƙowa suna tsiya, wai yau romon yashi za a sha. Da ruwa ya ƙone, sai ga gishiri fari fat a jikin tukunya, ya fi wanda ta sayo haske. Ranar gayya aka suɗe akushi ana neman ƙari, babu wanda haƙorinsa ya taɓa ƙwayar yashi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.