Jan Zaren Okirika

"Mama, yarinyar da ke bayan ƙofa, me ya sa ba ki saƙa mata tata hular ba?"

Na duba. Tsintsiya ce kawai a wurin.

Sanyin shekarar ne ya sa na sayo wata ƙaramar jar suwaita a okirikar kasuwar Lafiya, wato wajen 'yan gwanjo, na warware ta, na saƙa wa 'yata hula. Wa ke tambayar wanda ya fara sa kayan gwanjo?

'Yata ta ƙara da cewa, "Ta ce suwaitarta ce. Wai cikin ƙasa akwai sanyi."

Daga ranar, kullum sai hular ta ragu, zaren ya miƙe ta ƙarƙashin ƙofa kamar ana ja. Ban tsaya shawara ba, na jefa ta a murhu, na tofa addu'a.

Da safe na tarar da 'yata ta matsa gefen tabarma, ta bar wurin mutum ɗaya.

"Mama, ta ce tunda kin ƙona, ni zan riƙa ɗumama ta."

Na kama hannunta. Sanyi ƙarara, kamar ruwan randa.

'Yar'uwa, in aka zo karɓar zare, ki mayar. Kada ki ƙona.