Inda Za a Kai Raudatu

Uwale ta hau kabu-kabu a bakin kasuwar dabbobi ta Dakoro, igiyar saniyar da ta sayar na naɗe a hannunta. Ɗiyarta Raudatu ta ci bak, jarrabawar kammala sakandare, ita ce ta farko a zuriyarsu, dangi kuwa sun rabu: wasu sun ce jami'ar gida, wasu sun ce Najeriya. Tun rasuwar maigidanta shawara ta koma wuyanta. Ta ce wa mai babur ya kai ta gidan tsohon diraktan lakwal, wato makarantar boko, ta nemi shawararsa.

Mai babur ɗin, Amiru, furfura ta fara cin gemunsa. Da ya ji abin da ke tafe da ita sai ya rage gudu, ya ce ya san labarin ɗalibai biyu 'yan garin nan.

Na farko a gida ya yi. Ubansa ya sayar da raƙuma ya tura shi. Lisansi, digirin farko, shekara uku ce a takarda, shida ta ci masa. Wanda bai yi sammako ba ta taga yake ɗaukar darasi, bursi kuma, kuɗin tallafin ɗalibai, ba ta zuwa sai yunwa ta gama aikinta. Ya fito, ya jira aiki, shiru.

Na biyu Najeriya ya tsallaka, ubansa ya sayar da ragowar raƙuma. Can babu bursi, karatun shekara huɗu ne, Ingilishi ma sai da ya koya daga tushe. Malamai suka tafi yajin aiki wata da watanni, ya zauna a ɗaki bai ko iya zuwa jana'izar uwarsa ba. Ya dawo da digiri, aka ce sai an tantance takardar a Yamai. Kafin a tantance, shekarunsa sun wuce na ɗaukar ma'aikata.

Uwale ta tuna Raudatu da akwatin da ta riga ta shirya. Duk da haka ta ce a ranta, dole ɗayansu ya fi ɗaya dacewa, shi Raudatu za ta bi sawunsa.

A ƙofar gidan dirakta ta sauka, ta riƙe kan babur ɗin.

"Ɗana, ina zan same su? Ina son in ji daga bakinsu."

Amiru ya tayar da injin, bai ɗago ido ba.

"Kin riga kin ji, Inna. Da na farkon da na biyun, duk ni ne."