Mai Kiran Shaho da Sunan Uba

Saura minti biyu a tashi, Shaho ya ɗaga ƙwallo zai jefa a kwando, sai muryar nan ta sake tasowa daga bencin ƙarshe, tana kiransa da sunan ubansa. Ƙwallo ta daki bakin kwando ta dawo.

Magoya bayan ƙungiyar suna da ƙa'idarsu. Ɗan wasan da suke so, laƙabi suke sa masa. Wanda suka saba da shi, su kira shi da sunan yanka. Sunan uba kuwa na ranar faɗa ne, sai mutum ya ɓata wasa ake jefa masa. Shaho ma ko a bayan rigarsa bai yarda an rubuta sunan uban ba, lamba ce kawai.

Amma wannan dattijo, dogo wanda sai ya ranƙwafa yake shiga ƙofa, kakar wasa biyu ke nan ba ya fashi. Ba ya tafi, ba ya zagi. Sunan kawai yake kira, ko an ci ko an zubar. Shaho bai taɓa waiwayawa ba, sai dai in ya jefa ƙwallo ta ƙi shiga.

Ran shugaban magoya baya ya ɓaci ƙwarai. Wasa ɗaya ya rage musu, in sun faɗi, ƙungiya ta sauka rukunin ƙasa. Ya ce dattijon ɗan leƙen asirin abokan hamayya ne, yau kuma za a yi ta ta ƙare. Ya hau har benci, ya tasa dattijon a gaba zuwa ƙofa.

Dattijon bai yi gardama ba. Ya dai roƙa a bar shi ko a tsaye ne a bayan shingen ƙarfe, don nan kaɗai yake iya ganin yaron.

"Baba, in sonsa kake yi, ka ce Shaho mana kamar kowa."

"Laƙabi na masoyansa ne," in ji shi. "Sunan yanka na waɗanda suka raine shi. Ni ban kai ko ɗaya ba."

Shugaba ya yi tsaki, ya karɓi katinsa na shiga, ya miƙa wa mai gadi ya soke. Mai gadi ya duba hoto, ya duba rubutu, biro ya tsaya masa a hannu.

Sunan da dattijon ya yi kaka biyu yana kira a zauren wasan, shi ne a kan katin: sunansa ne shi kansa.